Na Ɗaga wa Citta Hannu a Suez

Laraba da dare, cikin jirgin ruwa

Yau muka ratsa mashigin Suez. Tun asuba jirgin yake jan ciki, rairayi dama da hagu, jiragen kaya a layi gabanmu da bayanmu, ba wurin juyawa. Ɗana Yohanna, da ya kawo mu yawon nan, sai murna yake kamar ƙaramin yaro.

Da muka hango wani jirgi maƙare da kwantena, ya dafa kafaɗata ya ce, “Baba, ta nan fa cittarka take bi zuwa Indiya. Ɗaga mata hannu in ɗauke ka hoto!”

Wace citta? Damina biyu ke nan cuta tana ruɓar da ita a ƙasa. In na tona, sai wari. Ko iri ban tsira da shi ba. Gonar ƙauyen Nok da babana ya bar mini, na sayar da ita kafin bikin Ista. Maman Yohanna kaɗai ta sani, ita kuwa ta juya tana kallon ruwa.

Ya Ubangiji!

Na ɗaga hannun. Ya ce in yi murmushi, na yi. Har ya tura wa ƙannensa hoton a Kafanchan, suna ta cewa Baba ya yi ƙiba.