Littafin da Ka Ce a Ba Mai Shago

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, Allah Ya ƙara maka lafiya da basira. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, Auta ya fara tafiya yana jan zanin kowa. Kaka kuwa ta ce a gaya wa mijinta da ya gudu wajen 'yan fim ta kusa kai ƙararsa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da aka nuna fim ɗinka falo ya cika har da maƙwabta, ana ta dariya, ni kuwa kuka nake dannewa. Fim ɗin ya yi kyau, amma na yi ta nemanka a ciki ban same ka ba. A littafi kana faɗin abin da ke zuciyar mutum, a nan kuwa sai matar ta kalli taga a sa kiɗa. Ko sunanka rabi na gani, Baba ya riga ya kashe talabijin.

Ina kewar lokacin da kake rubutu a ɗakin baya, ka kira ni in zo da guga, kana karanta mini ina goge kaya. In hannuna ya tsaya, ka ce shafin ya tsira. In na ci gaba da guga, ka yaga shi. A babin da direban nan ya dawo gida har rigar Baba na ƙona, ka ce ba a taɓa yaba maka haka ba. Yanzu wa ke yi maka guga a can?

Umma ta ce ka ce ka gama da littafi, fim ne ke da jama'a, a ba mai shago takardun wanda ba ka ƙarasa ba ya riƙa ƙunshe kaya. Ina kusa da wayar lokacin da kuke magana, amma ka san ni, bakina ya ƙi buɗewa. Ai da tsohuwar zuma ake magani, Yaya.

Umma, Baba da Kaka suna gaishe ka. Ka gaida Anti da jaririya.

Ni aka aika da takardun. Littattafaina na firamare na kai wa mai shago, bai ko duba ba. Naka suna ƙasan akwatina, nan za su zauna har ka zo.

Ƙanwarka,
Shiru-shiru