Jan Bargo a Kan Igiya

Eilif mijina, sanyin idona, gishirin miyata, mai taurin kan da na zaɓa da kaina,

Ka tuna ranar da muka shiga kwalekwale zuwa tsibiri, muka hau tsohuwar hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya? Kai da ke cika baki cewa teku ta san da zamanka, tun ba mu kai rabin matakala ba kake haki. Iska ta kwashe hularka, na yi dariya har da hawaye. Ina kewar wannan dariyar. Ina kewarka.

A sama muka tarar da Iya Borghild, 'yar mai kula da fitilar na ƙarshe, tana zuba wa baƙi gahawa. Ta ce ubanta kan yi watanni a tsibirin yana ɗura mai, yana goge gilashi, uwarta kuwa tana can gaɓa, sai dai su yi magana da shanya. Farin zane, lafiya lau. Baƙin zane, an yi rashi. Jan bargo, ƙaruwa na tafe. "Ni ce jan bargo na bakwai," in ji ta. "Ku fa, yara, nawa kuka shanya?"

Shekarunmu nawa muna jira? A hanyar gida ka saya mini jan bargo. Kai fata kake yi, ni na ɗauka gori ne, na cusa shi ƙasan akwati. Daga nan shiru ya tare a gidanmu, har ka karɓi aikin jirgin ruwan arewa, sai hutu ke kawo ka. Yanzu kuma ka rubuto wai za ka ƙara shekara. Shekara, Eilif? Fitilar can yau kanta take kunnawa, ba ta neman kowa. Ni ba haka aka yi ni ba.

Ranar Alhamis jirginku zai gifta ta gaban garinmu. Kada ka amsa wa masu jirgin batun ƙarin shekarar tukuna. Ɗauki madubin hangen nesa, ka fito, ka dubi bayan gidanmu. Hutunka na bazara bai tafi a banza ba, likita ta tabbatar. Bargon na warin akwati, amma yana kan igiya, kuma ko ruwa ko ƙanƙara ba zan sauke shi ba sai ka zo ka sauke da hannunka.

Taka, har ranar da mu biyun za mu kasa hawa matakala,
Torunn