Tuwon Gidan Iya Dela

Kazaure, 4 ga Yuli

Baban Amna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amna. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Wata biyu ke nan ina zirga-zirga tsakanin Roni da Gwiwa da ɗan sikelina. Aikin ka san shi: in zauna a gidan mutane, in auna abin da suka dafa, in rubuta. Sharaɗin malamina na jami'a ɗaya ne, kada in ci ko loma, gidan da na ci kuwa ya fita daga binciken. To, duk inda na shiga sai an yanka mini kaza. In ka duba takarduna, sai ka rantse mutanen Gwiwa sun fi mu cin nama. Jiya malam ya ce in ban samo gida ko ɗaya da zai yi girkinsa na kullum a gabana ba, wahalar karatun shekara uku ta tashi a banza.

Ga shi kuma masu gidajen sun ji haushina, wai 'yar boko na ƙyamar abincinsu. Sai in dawo ɗaki in ci burodi da shayi ni kaɗai. Wallahi kaɗaici ya ishe ni.

Ka shafa mini kan Amna.

Taka,
Bahijja

Kazaure, 26 ga Yuli

Baban Amna,

Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya. Ya damina a wajenku?

Akwai wata tsohuwa a Gwiwa, Iya Dela, zuwana gidanta tara. Ran Talata ba ta yanka komai ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ko ɗigon mai babu. Nan take na auna na rubuta, don abin da nake nema ke nan tun zuwana. Da na gama, sai ta turo kwanon tsakaninmu, ta ce na daina zama baƙuwa, shi ya sa babu kaza. Ta wanke hannu, ta ƙi kai loma sai na fara.

Na ci, Baban Amna, har da ƙari. Rabon da in sa hannu a kwano ɗaya da wani tun ranar da na baro ku.

Washegari na cire gidanta daga binciken da hannuna, na sanar da malam. Har yau bai ce komai ba, kuma ina jin tsoro. Ka taya ni da addu'a.

Talata mai zuwa zan koma. Ta ce in bar sikelin a ɗaki.

Matarka mai kewarka,
Bahijja