Makara ba ta shiga motar da na saya

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina gaisuwa. A ɓoye sunana. Wanda ya san wa'azi zai yi mini ya riƙe kayansa, na sha wa'azi har ya ishe ni. Shawara nake nema, kuma don Allah kada ku yanke mini hukunci sai kun ji ƙarshen maganar.

Ni mahauci ne a Njamena, a unguwar Paris-Congo aka haife ni, a nan na yi furfura. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku wuce. Unguwarmu Hausawa ne da yawa, jikokin waɗanda suka taso za su Makka a ƙafa suka maƙale a nan. Maƙabarta tana can bayan gari, ba a zuwa da ƙafa. In an yi rasuwa sai an roƙo akori-kura a wata unguwa, a ɗora makara a baya, wasu su tsuguna su riƙe ta. Tun ina saurayi ni ne mai tsugunnon nan. Rana ta dafa ni, ramuka su jijjiga ni, ina rungume da gawar wani, su Alhaji Garba kuwa suna biye a motocinsu, gilashi a rufe, sanyi na busa su. Har suna suka sa mini, wai Na-Baya. Waɗanda aka haifa a gabana ma haka suke kirana. Cikin masu kuɗin nan ko ɗaya bai taɓa sayen akori-kura ba. Kun san dalili? Sun sani sarai, duk wanda ya ajiye ta a unguwa ya zama bawan kowa. Gawa, kayan amarya, ragon layya, yashi, a buga maka ƙofa ba kunya, kuma ba ka isa ka ce a'a ba.

Bana Allah ya buɗa mini, na sami halin sayen mota. Bakina ne ya ja mini, na faɗa wa Kawu Sale. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya fara sa mini wuƙa a hannu, yanzu yana kwance, ciwon ƙoda ya cinye shi. Ya ce, "Wace iri za ka saya?" Na ce, "Kawu, ko kat-kat, jif ɗin nan ta masu kuɗi, ko akori-kura, ina dubawa." Ya ce, "Dubawar me? Kai da kake ɗauko nama a kan klando, babur ɗin haya, jini na ɗiga a wandonka? Sayi akori-kura ka huta, unguwa ma ta huta da roƙo." Don in rabu da shi na ce to. Ashe ya aika wa liman. Bayan la'asar liman ya miƙe ya sanar wai ɗan'uwanmu zai sayo motar da za ta riƙa kai mamatanmu, aka yi ta sa mini albarka. Alhaji Garba ya kama hannuna da hannu biyu, da murmushin nan nasa, ya ce, "Na-Baya, ka fi mu, wallahi ka fi mu." Mutumin da motoci suka cika gidansa! Munafuki. Murna yake an samo jakin da zai ɗauke masa kaya. Ko ranar ma bai kira ni da sunana ba.

Washegari na je wurin dillali. Ga su nan a jere. Akori-kurar fara ce, lafiyarta lau, kuma na sani ita sana'ata take so, ba sai an gaya mini ba. Kusa da ita kat-kat baƙa, doguwar ƙafa, wadda taɓon damina ba ya tsayar da ita. Na shiga don in gani kawai. Na ja ƙofa, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Dillalin ya kunna sanyi, ya ce, "Hajji, wannan watir ɗin motar manya ce." Hajji! Ni da ban taɓa jin an ce mini haka ba. Na waiwaya baya, rufi ne da kujeru, babu inda za a tsugunar da mutum. Na ce masa kalas, magana ta ƙare, ita nake so.

To ga abin kunyar. Motar tana unguwar Moursal, a garejin wani bakanike, an lulluɓe ta da tamfal. Mutanen unguwa na ce musu akori-kurar tana hanya, takardu ne ba su fito ba. Matata Hajara ma abin da ta sani ke nan. Har yau a klando nake ɗauko nama. In na tashi daga kasuwa sai in zarce Moursal, in ɗage tamfal, in shiga in kunna sanyi in zauna, ba inda nake zuwa. Ƙato da ni, da gemu. Wannan ba hauka ba ne?

Akwai wanda ya fi wannan. Wata rana bayan azahar, da masallaci ya watse, na auna makarar unguwa da igiyar da muke ɗaure sa, na yi ƙulli. Na kai Moursal, na kwantar da kujerun baya, na miƙe igiyar. Ba ta shiga. Ƙafar mamaci a waje za ta rage, ƙofa ba za ta rufu ba. Kun san abin da na yi? Dariya. Na ce su Alhaji Garba ku mutu, a roƙo muku motar yashi.

Jiya na je gaida Kawu. Likita ya ce a mai da shi gida, kun san ma'anar wannan. Ya rame, murya da ƙyar. Ya ce, "Motar ta iso?" Na ce, "Saura kaɗan, Kawu." Ya ce, "Ka ce su yi sauri, ni ma saura kaɗan." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya riƙo hannun rigata ya ce, "Ranar da za a kai ni, kai za ka tuƙa, ka ji? A gaba za ka zauna, wasu su tsuguna. Ka bi ramuka a hankali. Ban taɓa hawa motar ɗana ba."

Dillali ya ce in na mai da kat-kat kafin Juma'a zai musanya mini, in ba haka ba akwai mai son akori-kurar. In na musanya, na zama direban gawar mutanen da suka raina ni har in mutu, Alhaji Garba na biye da gilashi a rufe. Ba su cancanta ba, ko ɗayansu, kuma ba wanda zai sa in janye wannan maganar. Amma Kawu ba ya cikinsu, kuma igiyar nan mai ƙulli tana cikin aljihuna, na sake gwadawa yau da safe, har yanzu ba ta shiga.

Me zan yi?