Ki Amsa Mini Kafin Juma'a

Zuwa ga Imelda, hasken idona, sanyin raina, ranar da ke leƙowa kan tafkinmu bayan wata biyar na ƙanƙara,

Gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa. Kaina cike yake da tambayoyi, kuma ke kika koya mini tambaya, don haka sai ki yi haƙuri ki girbi abin da kika shuka.

Me kika gani a jikina ranar nan ta Janairu? Ina zaune a ɗakin cin abinci na ɗalibai, kofi ya huce a gabana, takardar gargaɗin jami'a na ninke a aljihun rigar sanyi. Zango ɗaya suka ba ni: ko in ɗaga makina, ko in kwashe kayana. Kika zauna ba gayyata, kika ce fuskata kamar ta wanda aka janye wa mota daga inda ya ajiye ta. Na yi dariya, sai ga ni ina miƙa miki takardar da ko mahaifiyata ba ta gani ba. Me ya sa ke? Har yau ban gano ba!

Kin tuna yadda kika riƙe baki da kika ji abin da na yi? Darussa biyu sun fi ƙarfina, sai kawai na daina zuwa. A garejin babana idan mutum ya daina zuwa aiki, kowa ya san ya bari. Ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a, wa zai gaya mini akwai takardar janyewa, har da ranar da ake rufe karɓarta? Sunana na nan a rajista, aka rubuta mini faɗuwa biyu, ni kuwa ina ganin na yi dabara. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Ga kuma ƙofar Farfesa Lindqvist, malamar kemistiri, da take bari a buɗe duk Talata don ɗalibai. Sau nawa na wuce ta ina sunkuyar da kai? Kika ja hannun rigata har bakin ƙofar, kika ce, "Tobias, girman kai rawanin tsiya. Baiwar Allah nan zaman jiranka take yi, shiga." Na shiga. Da na fito na same ki zaune a ƙasa, kin jingina da bango kina cin tuffa. Haka kika yi ta yi har Talata goma sha uku, Imelda! Ba ki gajiya ne? Me kike tunani a wajen nan, ina ciki ina fama?

Sakamakon darussa uku ya fito, na haye. Saura kemistiri, ranar Juma'a. In ya yi kyau, na tsira. In bai yi ba, za a dakatar da ni shekara guda, in koma garinmu Hibbing in riƙa miƙa wa babana sifana a gareji. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Amma abin da ya fi cina shi ne wannan. Na ga kujerun da kike tsinta a bakin titi, ki goge, ki ɗaure musu ƙafa, in sun tsaya ki bayar da su. Ni ma haka ne? Tausayi ne ko so? Ni dai so nake yi, ya farin cikina, irin wanda ke sa in manta motar da zan hau in na hango hularki ja.

Don Allah ki amsa mini kafin Juma'a. In kika jira maki ya fito, ba zan taɓa sani ba ko ni kika zaɓa ko wanda ya ci jarrabawa.

Naki, ko a aji ko a ƙarƙashin mota, har iyakar numfashina,
Tobias