Ta Huɗu a Cikin Memori

Litinin, 7 ga Yuli
Na dawo daga kasuwar Lolo. Na ba Shamsu mai rumfar waya memorina ya zuba mini tafsiri. Ina kunnawa sai ƙara: jita mai lantarki tana kuka kamar ana kira cikin rijiya, murya na tafiya tana dawowa. A'uzubillahi. Na kashe.

Laraba, 9 ga Yuli
Na kira shi. Wai, "Ayya Inna, na wani direba ne na zuba miki. 'Yan Gulbi ke nan, samarin tsallaken Benin, sabbi ne." Har da dariya. Ni da na tsaya gaban matan da nake koya wa karatun addini ran Asabar a nan Matsinkai na ce kiɗan zamani ɓata lokaci ne!

Asabar, 12 ga Yuli
Na saurara don in san abin da zan sa a goge. Waƙa guda minti goma sha ɗaya! Ba kai ba gindi, sai juyi kamar ruwa a bakin gada. Kaina har ya yi ciwo.

Lahadi, 13 ga Yuli
Waƙa ta huɗu da Dendanci ce. A ƙarƙashin hayaniyar akwai bugun nan na matan da ke sussukar shinkafa a garin su mahaifiyata. Wa ya koya wa yaran nan?

Talata, 15 ga Yuli
Tuwo ya kama. Laifin ta huɗu.

Alhamis, 17 ga Yuli
Kubura, ɗalibata, ta shigo aron rariya ta iske ni ina daka, taɓarya na bin gangar. "Malama, wanga wa'azin wane malami ne?" Na dai ɗauko rariyar na miƙa mata. Ban yi ƙarya ba, alhamdulillahi, amma shirun ma bai yi mini daɗi ba. Da wace fuska zan zauna gaban matan aji Asabar?

Asabar, 19 ga Yuli
Na faɗa musu da bakina: kuskure aka yi, na saurara, kuma za a goge. Kubura sai kallon tabarma take.

Litinin, 21 ga Yuli
Lolo. Na ce Shamsu ya goge duka. Yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan ta huɗu, na ji bakina ya ce, "Tsaya." Na ce sai na tambayi Malam, limamin garinmu, hukuncinta tukuna, ai ba a tambaya ba shaida a hannu. Asabar zan faɗa wa matan saura guda.

Malam kuwa ya yi tafiya zuwa garin Kurgu. Ban tambayi ranar dawowarsa ba.