Ƙugiyar da Ke Cikin Ambulan

Lahadi, 5 ga Mayu

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ni ɓarauniyar wasiƙa ce.

Yau kwana goma sha ɗaya wasiƙar Kaka, kakana namiji, tana cikin littafin soyayyar da nake karantawa. Ranar da ƙanƙarar da ta rufe tafkinmu ta fashe ya ba ni ita, ya ce in miƙa wa Misis Halvorson a hanyata ta makaranta. Ko dubana bai yi ba, sai goge gilashinsa yake ta yi. Na ce to. Ban kai ba.

Ban buɗe ba, wannan kam na rantse. Ɗaga ta kawai na yi a hasken taga. Ambulan ɗin shara-shara ne, akwai ƙugiyar kamun kifi a ciki, irin wadda yake ɗaurawa da hannunsa: kan dalma, farin gashin wutsiyar barewa, da jan zare.

A gidanmu kowa da kalarsa. Tawa rawaya da kore, ta Mama shuɗiya. Ba a aro, ba a sayarwa. Ja ta Mummo ce, kakata mace, daga tsohuwar rigar sanyinta yake warware zaren. Shekara uku kacal da rasuwarta.

Kuma shekararsa saba'in da huɗu. A duk littattafaina babu mai haƙoran roba da ke rubuta wa mace wasiƙa.

Talata, 7 ga Mayu

Bayan makaranta, shagon Kaka na kayan kamun kifi. Na kwashe matsattsakun da muke sayarwa na koto cikin robobi har yatsuna suka mutu da sanyi.

Wani mutumin birnin Minneapolis ya shigo da akwati cike da koton roba iri-iri masu walƙiya, ya ce wanne zai kama masa walai, kifin da kowa ke nema a tafkinmu, ranar Asabar. Kaka bai ko leƙa akwatin ba. Ya fita kan katakon da ake ɗaure jirage, ya tura hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya daɗe. Ni dai duk sanda ya yi haka sai in ji kamar ina coci.

Da ya dawo ya ce, "Ruwa da sauran sanyi, kifin bai gama farkawa ba. Ƙaramar ƙugiya, ka maƙala ɗan kifi mai rai, ka ja a hankali kamar kana tsoron tada jariri. Ruwanmu kalar shayi ne, zinariya suke gani. Wannan shirgin naka kuwa, kai aka kama da shi."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauki uku daga bango.

Na bango na baƙi ne. Na aljihun tebur, waɗanda ya ɗaura da kansa, na mutanenmu ne, kuma kyauta yake ba su. Ko yaron goye a garin nan ya san haka.

Muna rufewa ya ce, "Aili, kin kai?"

Na ce eh.

"Ta ce wani abu?"

Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya kashe fitila.

Laraba, 8 ga Mayu

Na wuce ƙofar Misis Halvorson sau biyu a keke, littafin yana cikin jaka. Tana tsaye tana fenti a jirginta da sigari a baki. Tsoronta nake ji, tun ina ƙarama.

Juma'a, 10 ga Mayu

Jajiberin buɗe lokacin kamun kifi na bana. Shago ya cika, ba wurin taka ƙafa, ga warin kofi da jiƙaƙƙun takalma.

Wajen ƙarfe biyar sai ga Misis Halvorson. Kowace shekara ranar nan take zuwa karɓar kotonta. Tun daga ƙofa ta fara: "Ina tsohon ɗan Finlan ɗin nan? Reino, ka yi magana a wannan watan ko sai na gaba?"

Da can Kaka cewa yake, "Ina jira 'yar ƙasar Nowe ta ja numfashi tukuna." Mutane har jiran wannan suke yi.

Yau ba haka ba. Ya dube ta, kamar yana jiran wani abu. Ita ma ta dube shi, tana jiran nata. Sai ya juya ya miƙa hannu bango, ya ciro wani koton roba mai kalar ruwan hoda, cikin ledarsa, ya ajiye a gabanta.

Shago ya yi tsit, ba ka jin komai sai famfon tankin ƙananan kifi.

Ta ce, "Wannan ne nawa?"

Ya ce, "Yana kamawa."

Ta ɗauka, ta bi layi kamar baƙuwa. Ni ce a kan teburin biya. Na ciro leda zan sa mata, ta ƙi buɗewa. Ta ce, "Bar shi, 'yata, aljihu ma ya isa."

Ya ɗauka ta karanta ta yi banza da shi. Ita kuwa ba ta ma san akwai abin karantawa ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Mun fita da asuba, ni da Kaka. Hazo kwance a kan ruwa, jirage sun fi ɗari, amma ba ka ganin ko ɗaya, sai muryoyi ƙasa-ƙasa da ƙarar murfin kofi. Da rana ta ɓullo hazon ya zama zinariya gaba ɗaya, jiragen suka riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya, kamar a sama suke shawagi. Na so in rubuta wannan yadda ya kamata, kalmomina ba su kai ba.

Na kama uku. Kaka ko ɗaya. Sau biyu na ga bakin sandarsa ya ɗan sunkuya, bai motsa ba.

Jirgin Misis Halvorson yana can bakin tsibiri, inda su uku suke tsayawa da, ita da shi da Mummo. Bai juya injin wajen ba.

Litinin, 13 ga Mayu

An kafa allo a ƙofar gidanta. Na sayarwa ne.

Mama ta ce 'yar Misis Halvorson ta daɗe tana roƙonta ta koma birnin Duluth, tana ƙi, ko me ya sauya mata ra'ayi oho. Ƙarshen wata za ta tafi. Kaka yana cin soyayyen kifi da dankali, ya ce gishiri ya yi yawa, ya tashi.

Ba gishiri a ciki. Mama ta manta ta sa.

Laraba, 15 ga Mayu

Na kasa wuce shafi na 212 a littafin. Da na buɗe, ƙugiyar ce ke dubana.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ai ba don mugunta ba ne. Don Mummo ne. Ita fa ta koya mini ɗaurin farko, tana riƙe da yatsuna, tana ƙamshin kirfa. In ja ta tafi wani gida, me ya rage nata a nan?

Haka nake gaya wa kaina. Wani lokacin kuma sai in ga kunya ce kawai ta hana ni ranar farko, rana ta biyu kuma kunyar ta ranar farko.

Asabar, 18 ga Mayu

Dogon labari.

Da la'asar Misis Halvorson ta tsaya a bakin katakonmu da jirginta, ta ƙwala mini kira. Kafaɗarta na ciwo, tana son mai riƙe mata komar kwaso kifi. Kaka yana ciki, bai fito ba. Na shiga don ban san yadda ake ce mata a'a ba.

Sama ta yi duhun hadari, iska tana ɗan kaɗa ruwa, irin yanayin da walai ke so, don idonsa ba ya shiri da rana. Muka tsaya bakin tsibiri. Ta ɗaura ruwan hodar nan. Awa guda, shiru. A ruwanmu ko taku biyu bai nutse ba ya ɓace wa ido.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Misis Halvorson, wannan ba ta ruwanmu ba ce."

Ta ce, "Na sani. Tun kafin a haifi uwarki na sani. Ita aka zaɓa mini, da ita zan yi."

Ban san lokacin da na kwance tawa ba, rawaya da kore, na miƙa mata.

Ta ce, "A gidanku ba a aro."

Na ce babu wanda ke gani.

Ta yi dariya har da tari. "Ashe kina magana. Na ɗauka gadon shirun kakanki kika yi."

Ta maƙala ɗan kifi, ta sauke har ƙasa, ta ɗora zaren a kan yatsa ɗaya, ta rufe ido. Ɗaga kaɗan, sauke. Ɗaga kaɗan, sauke. Fuskarta duk ta sake, ta koma kamar ta yarinya. Can sai ta ce a hankali, "Ga ta." Ni ban ga komai ba. Walai ba ya fizga, nauyi kawai za ka ji kamar ganye ya maƙale. Ta saki zare, leɓɓanta suna ƙirga, sannan ta ɗaga sanda.

Da farko inuwa na gani tana tasowa daga cikin duhun ruwa. Sai zinariya. Sai idon. Ban taɓa ganin mai girman wannan ba, fari kamar wata a bayan gajimare, kamar da fitila a can ciki. Tsawonta ya kai hannuna tun daga kafaɗa. Na sa koma na ɗago ta.

Ta ce, "Uwa ce. Ƙila ta girme ki." Ta jiƙa hannu, ta zare ƙugiyar, ta riƙe ta cikin ruwa tana lallaɓa ta har ta kaɗa wutsiya. Muka bi ta da ido har ta narke a cikin duhu. 

A hanyar dawowa ta mayar mini da ƙugiyata. Tana kallon gaba ta ce, "Shekara ashirin da shida kakanki yana zaɓa mini, bai taɓa kuskure ba. Wannan ma ba kuskure ba ne. Mutumin da ba ya magana, da abin da ya iya yake faɗa. Na ji abin da ya ce."

Na buɗe baki. Ƙarar inji ta yi yawa. Ko dai na bar ta ta yi yawa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Da safe na leƙa bayan shago. Kaka yana zaune gaban ƙarfen da ke riƙe masa ƙugiya in yana ɗauri, ba ƙugiya a ciki, hannayensa biyu a kan gwiwa.

Har yanzu ina ganin ja ta Mummo ce. Ban sauya ba. Kawai dai jiya na yi aron da ba a yi, kuma sama ba ta faɗo ba.

Na ciro ambulan. Ya lanƙwashe a gefe, ƙugiyar ta bar shaida a shafuka huɗu. Na goge shi da tafin hannu, bai miƙe ba. Na rubuta ranar da aka ba ni a bayansa da fensir, 24 ga Afrilu, don in bakina ya ƙi buɗewa Misis Halvorson ta gani da idonta, ta san shirun na waye.

Za ta yi mini faɗa, duk tafkin zai ji. Bayan ita kuma sauran Kaka, wannan ne ma ban san ta inda zan fara ba.

Ƙarfe goma take fita zuwa coci. Yanzu tara da kwata. Tayar keke ta baya ba iska, da ƙafa zan je.